Daren da Fursunoni Suka Kwaikwayi Hafsoshi: Sidni, 1789

Ranar 4 ga watan Yuni na shekarar 1789, bayan faɗuwar rana, mutum kimanin 60 suka taru a cikin wata bukka mai bangon laka a gaɓar tekun Sidni domin kallon wasan kwaikwayo. A cikin ƴan kallo akwai Gwamna Arthur Phillip da hafsoshin rundunarsa. Ƴan wasan kuwa fursunoni ne, waɗanda kotunan Ingila suka yanke wa hukuncin kora zuwa bangon duniya. Wasan da aka yi shi ne The Recruiting Officer, wato Hafsan Ɗaukar Soja, na George Farquhar, wasan ban dariya da a lokacin ya shekara 83 ana yin sa a gidajen wasa na Ingila. Wannan ne karo na farko da aka yi wasan kwaikwayo irin na Turawa a ƙasar Ostireliya. Dalilin taron shi ne murnar ranar haihuwar Sarki Joji na Uku, sarkin da aka kore su da sunansa.

Hafsoshi biyu da ke zaune a garin a lokacin sun rubuta labarin daren: Kyaftin Watkin Tench na sojojin ruwa, da David Collins, alƙalin sabon mazaunin. Abin da suka rubuta duka bai cika shafi guda ba. Amma idan aka ɗora shi a kan abin da ke faruwa a garin a wannan shekara, sai a ga dare ne da ya fallasa yadda katangar da ke tsakanin mai tsaro da wanda ake tsarewa ta fara zaizayewa, a kuma ga iyakar wannan zaizayewa.

Yadda aka zo nan

Tun daga 1718 Ingila ke jigilar masu laifi zuwa yankunan da take mulka a Amurka, inda ake sayar da aikinsu ga masu gonaki na shekara bakwai ko goma sha huɗu. Kimanin mutum 50,000 aka kai ta wannan hanya. Da yaƙin neman ƴancin Amurka ya ɓarke a 1775, sai ƙofar ta toshe, alhali kotuna ba su daina yanke hukunci ba. A dokokin wancan zamani laifuffuka wajen 200 ne ke iya kai mutum ga igiya, akasarinsu na dukiya, kuma sau da yawa akan sassauta hukuncin kisa a mayar da shi kora. Kurkuku suka cika, aka koma zuba mutane a cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka daina aiki da su, aka ɗaure a kogin Thames da wasu tashoshi.

Afirka ta Yamma aka fara dubawa. A farkon shekarun 1780 an tura wasu fursunoni a matsayin soja zuwa ganuwoyin cinikin bayi da ke gaɓar Gwalkwas, Gana ta yau. Zazzaɓi ya cinye da yawansu, wasu suka gudu. A 1785 an yi shawarar a zube su a tsibirin Lemain da ke cikin kogin Gambiya, shawarar ta rushe saboda tsoron cuta. Bayan wannan ne hankali ya koma ga gaɓar da Kyaftin James Cook ya ziyarta a 1770. Jirage 11 suka tashi daga Portsmouth ranar 13 ga Mayu 1787, ɗauke da fursunoni fiye da 700, kusan 190 daga cikinsu mata. Bayan wata takwas a ruwa, suka sauka a inda Sidni take yanzu ranar 26 ga Janairu 1788.

Wasan da kansa

Kafin a gane nauyin abin da fursunonin suka yi, sai an san me ke cikin wasan. Farquhar mutumin Derry ne a ƙasar Ailan, kuma shi kansa ya yi aikin ɗaukar soja a lokacin yaƙin gadon sarautar Sifen. Abin da ya gani da idonsa a garin Shrewsbury shi ya zuba a wasan, wanda aka fara nunawa a gidan wasa na Drury Lane a Landan a watan Afrilu 1706. Bayan shekara guda ya mutu cikin talauci, yana ɗan kimanin shekara 30.

Labarin na Kyaftin Plume ne da Sajensa Kite, waɗanda suka sauka a Shrewsbury neman samarin da za su kai bakin daga. Kite mayaudari ne na ƙin ƙarawa. A wata fitowa ya tambayi wasu ƙauyawa biyu ko sun taɓa ganin hoton sarauniya, ya danƙa wa kowannensu tsabar zinariya a matsayin hoton. Da suka karɓa, ya ce ai sun karɓi kuɗin sarauniya, a doka sun zama soja. A wata fitowar ya yi shigar mai duba, ya shaida wa mahauci cewa taurari sun nuna zai zama babban likitan fiɗa na runduna, ya shaida wa maƙeri zai shugabanci maƙeran bindigogi, kowa ya tafi ya sa hannu da murna. A gefe guda kuma akwai Silvia, ƴar Alƙali Balance, wadda ke son Plume. Da mahaifinta ya nesanta ta da shi, sai ta yi shigar namiji ta dawo gari, aka kama ta, aka gurfanar da ita a gaban mahaifinta, shi kuwa bai gane ta ba ya yanke mata hukuncin shiga soja a ƙarƙashin Plume. Da hannunsa ya miƙa ƴarsa ga mutumin da yake gudun ta aura.

Fitowar kotun ita ce ta fi cizo. A zamanin Sarauniya Anne an yi doka da ta ba alƙalai ikon tura duk namijin da ba shi da sanaʼa ta zahiri zuwa soja, ko yana so ko ba ya so. A wasan an kawo wani mai haƙar kwal, yana da mata, yana da aikin yi. Kite ya ce tunda a ƙarƙashin ƙasa yake aiki, sanaʼarsa ba ta zahiri ba ce, ido ba ya ganinta. Alƙalai suka amince, aka tafi da shi. A Landan wannan abin dariya ne ga masu hali da ke zaune a kujerun sama. A Sidni kuwa, duk wanda ya hau dandamalin ya taɓa tsayawa a gaban alƙali na gaske, an raba shi da gida da iyali da kalma ɗaya. Masu kallonsa kuma su ne Plume da Kite na gaske, da jajayen rigunansu, kuma ƙananan sojojin da ke ƙarƙashinsu sun san yadda ake shiga soja a Ingila. Da wuya a samu wani wasa a duk adabin Ingilishi na lokacin da ya fi wannan dacewa da wannan bukka.

Ba lallai ne a ɗauka an zaɓe shi don tsokana ba. The Recruiting Officer na cikin wasannin da aka fi yawan yi a ƙarni na 18, musamman a garuruwan da ke da barikin soja, kuma an yi shi a New York tun 1732. Hafsoshi sun saba da shi, suna dariyar kansu a cikinsa ba tare da jin zafi ba, domin a ƙarshe Plume ya tashi da mutuncinsa, ya auri Silvia, ya ajiye aikin ɗaukar soja. Wasan na yi wa hukuma cakulkuli, ba ya fasa mata kai. Saboda haka ne gwamna zai iya zama ya tafa.

Shekarar yunwa

Lokacin da aka yi wasan, mazaunin ya yi wata goma sha shida da kafuwa, kuma ko jirgi ɗaya bai zo daga Ingila ba. Ƙasar da ke kewaye da Sidni rairayi ce da duwatsu, iri ya ƙi, shanun da aka zo da su sun ɓace a daji tun a 1788, kuma ƙalilan ne daga fursunonin suka san noma. Rayuwar kowa na rataye ga sito ɗaya na gwamnati, inda ake auna fulawa da naman gishiri da wake mako-mako. A Oktoba 1788 Phillip ya tura jirgin Sirius zuwa Cape Town sayo abinci. Sai a Mayu 1789 ya dawo da fulawa, ƴan makonni kafin wasan. Ana iya cewa wannan fulawar ce ta ba mutane sararin dariya.

Yunwa ta tilasta wa Phillip wani tsari da ya ɓata wa hafsoshinsa rai. Ya umarta a ba fursuna namiji rabon abinci daidai da na soja, mata kuma kashi biyu cikin uku. Hukunci ma bai bambanta ba. Ɓarawon abinci na farko da aka rataye, Thomas Barrett, fursuna ne, a Fabrairu 1788; wani fursunan, James Freeman, ya tsira daga igiya bisa sharaɗin ya zama hauni. Amma a Maris 1789 sojoji shida aka rataye saboda sun ƙera makullai suna ɗiban sito da dare. Wata biyu da ƴan kwanaki ke nan kafin wasan. Duk wanda ke cikin bukkar ya san cewa jar riga ba ta hana sata, ba ta kuma hana igiya.

Akwai wani abin kuma. Kwamandan sojojin, Manjo Robert Ross, ya ƙi yarda mutanensa su zama masu gadin aiki, ya ce su an turo su tsaron gari ne. Dole Phillip ya naɗa fursunoni su kula da aikin ƴanʼuwansu. Tun a Yuli 1788 ma, wasu fursunoni biyu, Henry Kable da matarsa Susannah, sun kai ƙarar matuƙin jirgin Alexander kan ƙunshin kayansu da ya salwanta a hanya, kotu ta ba su gaskiya ta sa ya biya fam 15. A Ingila wanda aka taɓa yanke wa hukuncin kisa ba shi da bakin shigar da ƙara. A Sidni aka kawar da kai daga wannan ƙaʼida. Wata biyu bayan wasan, a Agusta 1789, aka kafa ƴan sintirin dare mutum 12, dukkansu fursunoni, da ikon tsare ko da soja ne idan sun same shi yana yawo bayan lokaci. Ross ya yi ta kumfar baki. Ashe fursuna ya riga ya fara riƙe matsayin hukuma a zahiri kafin ya kwaikwaye shi a dandamali, kuma ya ci gaba bayan an kashe kyandir.

Daren

Tench ya bayyana kayan adon ɗakin: yadi uku ko huɗu na takarda mai launi, da kyandirori masu arha kimanin dozin guda da aka manna a bangon laka. Ya ce bai ji kunyar faɗa ba cewa wannan ɗan abin ya isa ya saki fuskokin mutanen da suka taru, waɗanda ya ce iri-iri ne. Wannan kalma ta iri-iri abin lura ce, domin tana nuna ba hafsoshi kaɗai ne a ɗakin ba. Ya yaba wa wasu ƴan wasan da cewa sun yi da kuzari, an kuma tafa musu. Collins ya fi shi tsuke baki. Ya ce an ba fursunonin izini su yi wasan, kuma su da kansu sun ce burinsu bai wuce su sa a yi murmushi ba.

Izini ana ba wanda ya nema ne. Daga lafazin Collins, abin daga ƙasa ya taso, daga mutanen da suka wuni suna sarar itace da dukan bulo da ciki rabi, sannan suka samu lokacin haddace wasa mai kashi biyar. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san Landan ta wancan ƙarni, inda talakawa ke cika benen ƙarshe na gidajen wasa da sule ɗaya, kuma kewayen Drury Lane da Covent Garden ne kasuwar ƴan sane. Mutanen da aka koro sun san dandamali tun daga gida.

Abu mafi ban takaici a labarin Tench shi ne wannan: ya ce ɗaya daga ƴan wasan ya rubuta jawabin buɗewa da na rufewa da kansa, cikinsu akwai shaguɓe mai kyau game da halin da suke ciki, amma a ganinsa ba su cancanci ya kwafa a littafinsa ba. Da wannan hukunci na hafsa guda, rubutun adabi na farko da fursuna ya yi wa dandamalin Ostireliya ya ɓace. Tench mutum ne mai sauƙin kai a cikin hafsoshin, ya rubuta shafuka kan tsuntsaye da yanayin sama, amma shi da Collins babu wanda ya ambaci sunan ɗan wasa ko ɗaya. An bar su su hau dandamali, ba a ba su wuri a littafi ba.

Waɗanda ke waje

A lambun gidan gwamna akwai sabon kabari. Na Arabanoo ne, mutumin ƙasar da Phillip ya sa aka kamo da ƙarfi a ranar ƙarshe ta 1788 domin ya koyi Ingilishi ya zama tafinta. Ya mutu ranar 18 ga Mayu 1789, kwana 17 kafin wasan. Cutar agana ce ta kashe shi. Tun a Afrilu ta ɓarke a tsakanin mutanen Eora, masu ƙasar da aka kafa garin a kanta, waɗanda jikinsu bai taɓa sanin cutar ba. An riƙa samun gawawwaki a bakin ruwa da cikin kogunan dutse. Phillip da kansa ya ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen yankin sun halaka. Har yau masana tarihi na jayayya kan hanyar da cutar ta shigo. Wasu yara biyu da suka tsira, Nanbaree da Boorong, an ɗauke su a gidan likita John White da gidan limamin kirista Richard Johnson.

Mutanen Eora suna da nasu raye-raye da waƙoƙi da kwaikwayo na taron jamaʼa tun dubban shekaru kafin zuwan jirage, shi ya sa ya kamata a riƙa cewa wasan 1789 shi ne na farko irin na Turawa, kada a ce na farko kawai. Duk kusancin da yunwa ta haifar tsakanin fursuna da soja, kusanci ne a tsakanin baƙi. A wannan daren ma akwai fursunan da ba ya cikin gari: John Caesar, baƙar fata ɗan asalin Afirka, wanda aka san shi da ƙarfin aiki da kuma rashin ƙoshi da rabon da ake ba shi. Ya gudu daji a tsakiyar Mayu da bindiga, aka kamo shi ƴan kwanaki bayan bikin.

Dariyar ba ta daɗe ba. A Nuwamba 1789 aka rage rabon abinci. A Maris 1790 Sirius ya farfashe a tsibirin Norfolk, aka sake ragewa har mutane ba sa iya cikakken wunin aiki, Phillip ya zuba fulawar gidansa a sito na kowa. Jirgin farko daga Ingila ya iso ranar 3 ga Yuni 1790, ayari na biyu ya biyo baya a ƙarshen watan, bayan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fursunoninsa sun mutu a teku.

Bayan haka

A Janairu 1796 wani tsohon fursuna mai gidan burodi, Robert Sidaway, wanda ya zo a ayarin farko, ya buɗe gidan wasa na dindindin a Sidni. Kuɗin shiga mafi arha sule ɗaya ne, wanda ba shi da tsaba yana iya biya da fulawa ko nama ko giya. Collins ya koka cewa wasu na sayar da abincinsu don su yi kallo, wasu kuma na fasa gidajen waɗanda suka tafi kallon. Gwamna John Hunter ya rufe gidan a 1798, amma ya sake buɗewa, domin akwai takardar talla ta 8 ga Maris 1800 da ke sanar da The Recruiting Officer. A irin waɗannan takardu ne sunayen ƴan wasa suka fara bayyana, maza da mata. Takardar wasan 30 ga Yuli 1796, wadda fursuna George Hughes ya buga, ita ce bugaggiyar takarda mafi tsufa da ta rage daga Ostireliya. A Kanada aka gano ta, aka maido ta a 2007.

Yawancin waɗanda suka san labarin daren 1789 a yau sun san shi ne ta hanyar adabi, kuma nan ɗalibi zai yi hattara. A 1987 marubuci Thomas Keneally ya fitar da ƙagaggen labari mai suna The Playmaker, a 1988 kuma Timberlake Wertenbaker ta mayar da shi wasa mai suna Our Countryʼs Good, wanda Max Stafford-Clark ya shirya a gidan wasa na Royal Court a Landan, tare da wasan Farquhar, ƴan wasa ɗaya na yin duka biyun. A waɗannan ayyuka Laftanar Ralph Clark ne ke koyar da fursunonin, gwamna na mara masa baya domin ya yi imani wasa zai gyara halinsu, an kuma raba matsayi ga mutane na gaske kamar Mary Brenham da Sidaway. Clark mutum ne na tarihi, ya bar littafin tunawa, amma Tench da Collins ba su danganta wasan da shi ba. Labarin hafsa mai tausayi da ya ɗaga ƙasƙantattu yana da daɗin ji, sai dai yana karɓe wa fursunonin abin da shaidun farko suka bar musu, wato cewa su ne suka yi.

Duk da haka wasan Wertenbaker ya koma hannun irin mutanen da ya yi magana a kansu. Lokacin da ake shirya shi, ita da ƴan wasan sun je kurkukun Wormwood Scrubs sun kalli fursunoni masu dogon hukunci suna wasan kwaikwayo, abin da suka gani ya shiga rubutun. Daga baya fursunoni a Ingila sun yi wasan da kansu a cikin kurkuku, kuma ya shiga manhajar makarantun sakandare. A 2018 haɗakar gidajen wasa mai suna Ramps on the Moon ta shirya shi a Nottingham Playhouse da kurame da masu naƙasa da waɗanda ba su da ita a dandamali ɗaya, ana maganar hannu tare da maganar baki, ana nuna rubutun kalaman ga wanda ba ya ji, ana bayyana abin da ke faruwa ga wanda ba ya gani. Daga Nottingham aka zagaya da shi wasu biranen Ingila.